Waiwaye: Daga Sarkin Makafi zuwa matattakalar banki

Tun kafin Abuja ta yi wata doka, Kano tana da nata tsarin zama da masu nakasa. Makafi da kutare da guragu kowa da sarkinsa, shi ke raba musu rigima, shi ne kuma bakinsu a fada. Har unguwa ke gare su, Makafin Dala tana nan ba ta canza suna ba. Malamai kuwa ba sa gajiya da tuna wa jama'a Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin da Suratu Abasa ta sauka a kansa. Sai dai wannan mutunci a kan sadaka aka gina shi. An ba makaho gurbi, amma gurbin bakin masallacin Juma'a ne, da ƙoƙo da ɗan jagora.

Turawan mishan suka zo da nasu kallon: nakasa cuta ce, a kai ta asibiti. A shekarun 1930 ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta karɓi kula da kutare, abin da ya bar mana asibitin Yadakunya, wanda aka fi sani da Bela, sannan ta buɗe asibitin ido a Sabon Gari a 1943. An warkar da mutane da dama, amma kuturu ya koma bayan gari.

Labarin kurame ya fi ɗaukar hankalina. Suna da harshensu na gado, maganar hannu, wadda ko mai shayi da ɗan kasuwar Kurmi kan tsinci kaɗan daga ciki, a yi ciniki har a yi barkwanci. Da karatun boko ya iso gare su, a makarantu irin ta Tudun Maliki, sai aka ɗora su kan maganar hannu mai tushe daga Amurka. Yau za ka ga kurma ɗan boko da tsoho kurma a majalisa ɗaya, kowa da hannun da yake magana da shi, har sai sun lalubo tsakiya.

Shan inna ma ta bar tabonta. An dakatar da allurar rigakafi a Kano daga 2003 zuwa 2004 saboda zargi, cutar ta sake bazuwa. Wasu daga waɗanda ta taɓa ne suka haɗa kai suna ƙera keken guragu da hannunsu, suna cewa nakasa ba kasawa ba ce.

Amurka ta yi dokar masu nakasa tun 1990. Tamu sai a Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa mata hannu: kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika a farkon 2024. An sauya suna, yanzu "masu buƙata ta musamman" ake cewa a rediyo, amma siminti bai ji ba.

Kwanaki a wani banki na ga wani bawan Allah a kan kekensa, gabansa matattakala huɗu da 'yar matsattsiyar ƙofar tsaro. Nan take samari biyu suka ce, "Baba, kawo mu ɗaga ka." Suka ciccibe shi har sama, ya sa musu albarka. Keken kuwa ya ƙi shiga ƙofar, dole mai gadi ya leƙa ciki ya kira ma'aikaci, aka sallame shi a rana.