Ayarin sa kai na majami'u a Haiti bayan girgizar ƙasar 2010

Ayarin sa kai na majami'u rukuni ne na Kiristoci da ke barin gidajensu na mako ɗaya ko biyu, su tafi wata ƙasa da kuɗin aljihunsu ko da baikon 'yan majami'arsu, don taimakon waɗanda bala'i ya auka wa. An ga irin wannan ayari a Puerto Rico bayan guguwar Maria a 2017, da tsibiran Bahamas bayan guguwar Dorian a 2019, amma labarin da aka fi sani shi ne na Haiti, ƙasar da ke yammacin tsibirin Hispaniola a tekun Karibiyan, wadda tafiyar kamar awa biyu ce a jirgin sama daga Miami.

Asalin lamarin

Da yammacin Talata, 12 ga Janairun 2010, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.0 ta auku kusa da garin Leogane, kimanin kilomita 25 daga Port-au-Prince, babban birnin ƙasar. Gwamnatin Haiti ta ce mutum 316,000 suka mutu, wasu masu bincike kuwa sun kawo adadin da bai kai rabin haka ba. Mutum kusan miliyan ɗaya da rabi suka koma kwana a tantuna.

Majami'u ma sun ɗanɗana. Babban cocin Katolika na birnin ya rushe, Akbishop Joseph Serge Miot ya rasu. A otel ɗin Montana, gini ya danne Sam Dixon, shugaban UMCOR, hukumar agaji ta ɗarikar Methodist ta Amurka, tare da Clinton Rabb, wanda shi ne ke kula da ofishin tura masu aikin sa kai na ɗarikar. Dukansu biyu sun rasu. Ke nan dangantakar majami'un Amurka da Kanada da takwarorinsu na Haiti ta daɗe kafin girgizar, shi ya sa da labari ya iso, ayari suka yi ta kwarara.

Yadda ake aikin

Galibi ayari ba ya wuce mutum goma zuwa ashirin: fasto, ɗalibai, 'yan fansho, wani lokaci da likita ko kafinta. Sukan sauka a masaukin mishan, a haɗa su da tafinta saboda harshen talakan Haiti shi ne Kiriyol. Aikin farko shi ne kwashe ɓaraguzai da shebur da baro da bokiti, domin unguwanni da yawa a kan tudu suke, lungunansu ba sa ɗaukar babbar mota. Daga nan sai rumfunan wucin gadi na katako da tamfol da rufin kwano, waɗanda ƙungiyar Samaritan's Purse ta kafa dubbai daga cikinsu, sannan gyaran makarantu da ɗakunan shan magani da coci-coci.

Abin da ya kashe mutane da yawa shi ne irin ginin. An yi ta buga bulo da ƙarancin siminti, wanda ke marmashewa a hannu, an sa rodi kaɗan a ginshiƙi, sannan aka ɗora rufin kankare mai nauyi a sama. Da ƙasa ta motsa, sai rufin ya sauko wa mutane. Saboda haka taimakon da ya fi ɗorewa shi ne wanda ya koya wa magina 'yan ƙasa auna siminti da yashi da tsakuwa daidai, da ɗaure bango da ginshiƙai da linta ta kowane gefe. Birkilan da ya koyi wannan zai ci gaba da gini shekara talatin bayan baƙin sun koma gida.

A watan Nuwamban 2011, ƙungiyar Habitat for Humanity ta kai ɗaruruwan masu sa kai Leogane, cikinsu har da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, yana da shekara 87, da matarsa Rosalynn. Sun yi aikin gida 100 cikin mako guda tare da iyalan da za su zauna a ciki, suka sake komawa a 2012.

Suka da gyara

Babbar tambayar da aka yi wa waɗannan tafiye-tafiye ita ce ta kuɗi. Haiti ba ta rasa masu ƙarfin ɗaukar bulo ba, abin da ta rasa shi ne mai biyansu. Kuɗin jirgi da masauki na baƙo ɗaya zai iya biyan lebura ɗan ƙasa na watanni, kuma mutanen karkara suna da tasu al'adar haɗa hannu a gona da gini, kwatankwacin gayya. Wannan suka tana da tushe, kuma wasu ɗariku sun saurara. Shirin da 'yan Methodist suka tsara da cocin Methodist na Haiti ya wajabta wa kowane ayari ya zo da kuɗin aiki, UMCOR ta ƙara kwatankwacinsa, kuma a ɗauki ma'aikata 'yan Haiti biyu a kan kowane baƙo ɗaya. Cocin gida ne ke zaɓen inda za a yi aikin. Da wannan tsari baƙo ya zama yaron magini, wanda shi ne matsayin da ya dace da wanda bai san wurin ba.

Abin da ya fi zubar da mutuncin harkar ya shafi yara. A ranar 29 ga Janairun 2010 aka kama 'yan Baptis goma daga Amurka, akasarinsu daga jihar Idaho, suna ƙoƙarin tsallakar da yara 33 zuwa Jamhuriyar Dominican ba da takardun izini ba. Sun ce marayu ne suke ceta, amma bincike ya nuna yawancin yaran suna da iyaye a raye. An saki tara daga baya, shugabar ayarin kuwa kotu ta same ta da laifin shirya tafiya ba bisa ƙa'ida ba, aka sallame ta a watan Mayu. Matsalar ta fi wannan ayari girma. Ƙungiyar Lumos ta bayyana a 2017 cewa cikin yara kimanin 30,000 da ke gidajen marayu a Haiti, kusan kashi 80 cikin 100 suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ke sa iyaye su miƙa ɗa don ya sami abinci da makaranta, kuma gudummawar majami'un waje ce ke riƙe da yawancin gidajen. Da an ba uwar kuɗin nan a hannu, da ɗanta bai bar ɗakinta ba.

Halin da ake ciki

Ayari sun sake zuwa bayan guguwar Matthew a 2016, amma taɓarɓarewar tsaro ta rage su ƙwarai. An kashe shugaba Jovenel Moïse a watan Yulin 2021, wata girgizar ƙasar ta kashe fiye da mutum 2,200 a kudu maso yamma a watan Agusta, sannan a Oktoba 'yan dabar 400 Mawozo suka yi garkuwa da mutum 17 na ƙungiyar Christian Aid Ministries, har da yara, waɗanda na ƙarshensu ba su kuɓuta ba sai a Disamba. Tun daga nan majami'u da yawa suka dakatar da tura mutane, suka koma aika kuɗi ga fastoci da malamai da magina 'yan Haiti da ke riƙe da makarantu da asibitocin da aka gina.