Wa ke da haƙƙin zanen da ke jikin bango?

Zanen na mai bango ne ko na wanda ya zana?

Mai bango yana da bangonsa da fentin da ke kai, amma ikon kwafar zanen na mai zane ne, sai in ya sallama shi a rubuce. Haƙƙin yana tabbata da zarar fenti ya hau bango, ba sai da rajista ba, bisa Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe suka ƙulla kan haƙƙin mallaka. Yana ɗorewa tsawon rayuwarsa da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, 70 a Amurka da Tarayyar Turai. Rubuta suna kawai da feshi ba lallai ya kai matsayin ƙirƙira ba.

Kamfani zai iya sa hoton zanen a talla?

Nan ƙasashe suka rabu. Jamus ta halatta ɗaukar hoton aikin da ke dindindin a fili, har don kasuwanci. A Birtaniya sassaucin ya shafi gine-gine da sassaƙa, bai shafi zanen fenti ba. A Amurka gine-gine kawai ya shafa. Kasancewar zane a bakin titi bai mayar da shi na kowa ba.

Wanda aka zana ba izinin mai bango fa?

Ana iya hukunta mai zanen kan ɓata dukiya, amma dokar haƙƙin mallaka ba ta gindaya sharaɗin izini ba. A 2018 kamfanin tufafi na H&M ya nemi kotu ta ce irin wannan zane ba shi da kariya, daga baya ya janye ƙarar.

In mai gini ya shafe zanen?

A Amurka dokar VARA ta 1990, mai kare haƙƙin masu zane, ta hana lalata aikin da ya yi suna. In ana iya cire shi lafiya, dole a ba mai zane sanarwar kwana 90. A 2013 mai ginin 5Pointz, wani gini da ya shahara da zanen bango a birnin New York, ya shafe zane-zane da farin fenti cikin dare ba tare da wannan sanarwa ba. A 2018 kotu ta ba masu zane 21 diyyar dala miliyan 6.75 kan ayyuka 45, wato dala 150,000 kan kowane aiki.

Me mai zane zai yi tun farko?

Ya ajiye zanen gwaji na takarda da hotunan aikin masu kwanan wata, domin bango na iya rushewa gobe. Ya karanta yarjejeniya da kyau, don sa hannu ɗaya kan zubar da kariyar VARA. A Amurka ya yi rajista da wuri, in ba haka ba zai iya rasa diyyar da doka ta ƙayyade da kuɗin lauya.