Ilimin Zama Ɗan Ƙasa a Makarantun Najeriya

Ilimin zama ɗan ƙasa darasi ne da ake koyar wa ɗalibai don su san yadda ake mulkin ƙasarsu, da 'yancin da doka ta ba su, da nauyin da ta ɗora musu. A jadawalin makarantun Najeriya an san shi da suna Civic Education. Tushen darasin shi ne Kundin Tsarin Mulki na 1999, tare da taken ƙasa, da alkawarin biyayya ga ƙasa, da tuta da tambari. Hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu ce ke fayyace abin da za a koyar, hukumomin WAEC da NECO kuma su shirya jarrabawa a kai.

Tarihi

A zamanin Turawa da farkon samun 'yancin kai, abin da ake koyarwa a wannan fanni bai wuce sanin shugabanni da biyayya ga hukuma da biyan haraji da tsaftar gari ba. A shekarun 1960 aka fara gwada darasin nazarin zamantakewa a wata makarantar sakandare da ke Aiyetoro, a jihar Ogun ta yau, wanda ya haɗa tarihi da labarin ƙasa da sha'anin mulki wuri guda. Babban taron manhaja da aka yi a Legas a 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya ƙarfafa wannan tunani, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tabbatar da shi. Daga nan sai batun zama ɗan ƙasa ya koma wani ɗan yanki a cikin nazarin zamantakewa, ya shafe shekaru kusan talatin a haka.

Gwamnatocin soja ba su tsaya ga aji kawai ba. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta wajabta wa 'yan makaranta karanta alkawarin biyayya ga ƙasa, wanda Felicia Adebola Adedoyin ta rubuta a wannan shekarar. A 1984 Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon suka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, wanda har yau dattawa ke tunawa da shi saboda bin layi da sharar ƙarshen wata. Janar Ibrahim Babangida ya kafa hukumar zaburar da jama'a ta MAMSER a 1987 ƙarƙashin Jerry Gana, ita ce kuma ta rikiɗe ta zama hukumar wayar da kan jama'a ta NOA a 1993. Duk waɗannan shirye-shirye sun fi karkata ga ladabi da kishin ƙasa. Ba abin mamaki ba ne, domin gwamnatin da ta jingine kundin tsarin mulki ba ta da hujjar tura yara su karanta shi.

Bayan komawa mulkin farar hula, an ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, aka yi masa doka a 2004. Manhajar shekara tara da NERDC ta fitar a 2007 ita ce ta ba ilimin zama ɗan ƙasa gurbinsa na kansa a firamare da ƙaramar sakandare. Sabuwar manhajar babbar sakandare da ta fara aiki a 2011 ta sa shi cikin darussan dole, kafaɗa da kafaɗa da Ingilishi da lissafi, kuma a 2014 ɗalibai suka fara rubuta shi a jarrabawar WAEC.

An sake taɓa manhajar matakin farko a 2012 don rage yawan darussa. Sai aka tara ilimin zama ɗan ƙasa da nazarin zamantakewa da ilimin tsaro da darussan addinin Musulunci da na Kirista ƙarƙashin inuwa guda. Wannan haɗi ya jawo ce-ce-ku-ce mai zafi a 2017, shugabannin addini suka nuna rashin amincewa, har aka mayar da darussan addini kowanne ya tsaya da ƙafarsa. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da wata sabuwar manhaja da ta haɗe ilimin zama ɗan ƙasa da tarihin Najeriya da nazarin zamantakewa su zama darasi ɗaya a babbar sakandare.

Abin da darasin ya ƙunsa

A firamare ana farawa da kyawawan ɗabi'u irin su gaskiya da riƙon amana da haɗin kai, da alamomin ƙasa. A ƙaramar sakandare ake shiga ɓangarorin gwamnati uku, wato majalisa da ɓangaren zartarwa da na shari'a, da matakan mulki uku: tarayya, da jihohi 36, da ƙananan hukumomi 774. Ɗalibi zai haddace cewa Majalisar Dattawa na da kujeru 109, ta Wakilai kuma 360. A babbar sakandare batutuwan sun yi yawa har sun fara yi wa juna cunkoso. Akwai dimokuraɗiyya da bin doka da oda, da Sanarwar 'Yancin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, sai kuma ƙungiyoyin asiri, shaye-shaye, safarar mutane, cutar ƙanjamau, dokokin hanya, da tarbiyyar iyaye. Duk wata damuwa da ta addabi al'umma an nemo mata wuri a wannan darasi, abin da ya rage wa kundin tsarin mulki lokacin da ya kamata a ba shi.

Tarihin kundaye, tun daga na Clifford na 1922, da Richards na 1946, da Macpherson na 1951, da Lyttleton na 1954, zuwa na 'yancin kai na 1960 da na jamhuriya na 1963 da na 1979, an fi zurfafa shi a darasin nazarin gwamnati. Shi kuwa wannan darasi zaɓi ne, yawanci 'yan ajin adabi da zamantakewa ke ɗaukarsa.

Kundin 1999 a cikin aji

Kundin yana da babi 8, da sashe 320, da jadawali 7. Babi uku ne suka fi shafar ɗalibi kai tsaye. Babi na biyu, daga sashe na 13 zuwa na 24, ya zayyana manufofin ƙasa. A nan ne sashe na 14 ya ce mulki na jama'a ne, kuma tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 23 ya lissafa ɗabi'un ƙasa guda bakwai: ɗa'a, riƙon gaskiya, mutunta sana'a, adalci a zamantakewa, haƙuri da addinin juna, dogaro da kai, da kishin ƙasa. Sashe na 24 kuma ya kawo nauyin da ke kan ɗan ƙasa, ciki har da girmama tuta da take, taimaka wa hukuma wajen kiyaye doka, da bayyana abin da mutum ke samu ya biya haraji a kan lokaci. Babi na uku ya bayyana hanyoyin zama ɗan Najeriya: haihuwa, ko rajista, ko neman izinin zama ɗan ƙasa bayan daɗewa a cikinta.

Babi na huɗu, sashe na 33 zuwa na 46, shi ne na 'yancin ɗan Adam, kuma asalinsa ya girmi 'yancin kan ƙasar. Kwamitin Willink da Turawa suka kafa a 1957 don sauraron koken ƙananan ƙabilu ne ya ba da shawarar a rubuta waɗannan haƙƙoƙi a kundi, maimakon a ƙirƙiro sababbin jihohi. A cikinsa akwai abubuwan da mai acaɓa da 'yar kasuwa suke buƙatar sani fiye da adadin sanatoci. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu ko wani lokaci da kotu ta ga ya dace, kuma yana da damar ya yi shiru har sai ya gana da lauya. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma a ba shi tafinta kyauta idan bai jin harshen da ake shari'a da shi. Sashe na 38 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin wani addini da ba nasa ba, wanda shi ne sashen da aka yi ta kafa hujja da shi a rikicin manhaja na 2017.

Akwai wani ƙulli da malami mai gaskiya ba zai iya tsallakewa ba. Sashe na 18 ya yi alkawarin ilimi kyauta, amma ya ɗaure alkawarin da sharaɗin "idan hali ya yi". Sashe na 6 kuma ya hana kotuna sauraron ƙara a kan abin da ke babi na biyu. Ke nan yaron da ke zaune a ƙasa a ajin da ba rufi zai karanta cewa an yi masa alkawari, sannan ya karanta cewa ba zai iya kai ƙara a kai ba. Sai dai a 2017 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa tunda majalisa ta yi dokar UBE ta 2004, ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta ya zama haƙƙin da ake iya nema a kotu. Irin wannan misali ya fi shafi goma na haddar ma'anoni koya wa ɗalibi yadda doka ke aiki.

Haka nan gabatarwar kundin ta buɗe da cewa mu al'ummar Najeriya ne muka yi wa kanmu shi, alhali gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ce ta fitar da shi ta Dokar Soja mai lamba 24, bayan kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya tattara ra'ayoyi cikin ɗan gajeren lokaci, ba tare da ƙuri'ar raba gardama ba. Masu suka na cewa kundin ya fara da abin da ba haka yake ba. Masu kare shi na cewa kusan kwafin na 1979 ne, wanda majalisar tsara kundi ta tattauna a kai, kuma zaɓaɓɓun majalisu sun yi masa gyare-gyare tun 2010. Ɗaya daga cikinsu shi ne na 2018, da ya rage shekarun tsayawa takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi kuma daga 30 zuwa 25, bayan fafutukar da matasa suka yi.

Matsalolin koyarwa

Babbar matsalar ita ce ana koyar da labarin kundin, ba kundin ba. Ɗalibi na iya cin jarrabawa da sakamako mai kyau bai taɓa riƙe kwafinsa ba, domin littafin aji ya taƙaita masa komai a jere, jarrabawa kuma jeren take tambaya. Tsawon kundin da harshensa sun ƙara wa abin nauyi. Da Ingilishin lauyoyi aka rubuta shi, jimla guda kan cinye rabin shafi, ga yaron da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri yake ji a gida. Sashe na 55 ya amince a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadi, amma jarrabawar darasin da Ingilishi ake yin ta. Sau da yawa kuma malamin da ya karanci wani fanni daban ake miƙa wa darasin don cike gurbi.

Sai kuma abin da ɗalibi ke gani da idonsa. Ana koya masa zaɓe a aji, amma a makarantu da dama hukumar makaranta ce ke naɗa shugabannin ɗalibai. Ana koya masa illar ƙin fita zaɓe, ga shi a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kusan kashi 27 cikin ɗari ne kawai na mutum miliyan 93 da suka yi rajista suka kaɗa ƙuri'a. Su ma alamomin da ake haddacewa suna sauyawa: a watan Mayun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da taken ƙasa na 1960, aka ajiye wanda ake rerawa tun 1978, malamai da ɗalibai suka koma koyon baituka tare. Miliyoyin yaran da ba sa zuwa makarantar boko kuwa, akasarinsu a Arewa, darasin bai isa gare su ba sam. Abin da suka sani game da hukuma daga rediyo da majalisar unguwa da wa'azi suke samunsa.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A Amurka, wata doka ta 2004 da Sanata Robert Byrd ya kawo ta wajabta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta shirya darasi a kan kundin tsarin mulki ranar 17 ga Satumba, ranar da aka sa masa hannu a 1787. Abin ya zo musu da sauƙi domin nasu kundin sashe 7 ne da gyare-gyare 27, ana iya karance shi a zama ɗaya. A Jamus kuwa, malaman fannin sun cim ma wata matsaya a garin Beutelsbach a 1976 mai sharuɗɗa uku: kada malami ya cusa wa ɗalibi ra'ayinsa, abin da ake gardama a kansa a cikin al'umma a kawo shi aji a matsayin abin gardama, kuma a koya wa ɗalibi ya auna lamarin siyasa da maslahar kansa. Har yau da wannan matsaya ake horar da malaman darasin a can.