Ingila, Birtaniya, UK: wanne ne wanne?

A bakin mutanenmu, duk wanda ya tafi ƙasar Sarki Charles Ingila ya tafi, ko da a Glasgow jirginsa ya sauka. Rediyo kuma Birtaniya yake cewa, ɗaliban da ke neman biza su ce UK. Sunayen uku ba duka wuri ɗaya suke nufi ba.

Ashe Ingila da Birtaniya ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Ingila ɗaya ce cikin ƙasashe huɗu da ke ƙarƙashin sarauta ɗaya da gwamnati ɗaya a Landan. Sauran su ne Scotland mai babban birni a Edinburgh, Wales mai Cardiff, da Ireland ta Arewa mai Belfast. Haɗakar huɗun ce UK (United Kingdom, wato haɗaɗɗiyar masarauta), kuma ita masu labarai ke nufi in sun ce Birtaniya. Ita ke da fasfo, da soja, da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Yawa ne ya sa Ingila ta shanye sunan sauran, domin cikin kowane mutum 100 kusan 84 a can suke zaune. Amma kuma ita kaɗai ce ba ta da majalisar dokokin kanta. Sauran ukun sun samu nasu tun ƙarshen shekarun 1990.

To Great Britain fa?

Tsibiri ne, babban nan da Ingila da Scotland da Wales ke kansa. Ireland ta Arewa tana tsallaken ruwa, don haka ba ta ciki. Girman da ke cikin sunan (Great, wato babba) ba kirari ba ne, an sa shi ne don bambanta tsibirin da yankin Brittany na Faransa.

Yaya aka yi suka haɗu?

Kowace da hanyarta, kuma nan ne tushen ruɗanin. Wales da yaƙi aka ci ta: Sarki Edward na ɗaya ya gama da ita a 1283, sannan a zamanin Henry na takwas aka shigar da ita cikin dokokin Ingila. Shi ya sa babu alamarta a tutar Birtaniya, domin lokacin da aka tsara tutar ana lissafa ta cikin Ingila.

Scotland kuwa gado ne ya fara jawo ta. A 1603 Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta rasu ba ɗa ba jika, sai sarautar Ingila ta faɗa hannun James, sarkin Scotland. An yi fiye da shekara ɗari sarki ɗaya, majalisa biyu, kafin a haɗe su a 1707. Scotland ba ta saki dokokinta da kotunanta da cocinta ba, har yau ma bankunanta uku na buga nasu takardun fam. Wani mai kanti a Landan sai ya juya takardar gaba da baya kafin ya karɓa. A 2014 an yi ƙuri'ar ɓallewa, kashi 55 suka zaɓi zama, 45 suka ce a rabu. Wannan ba tazarar da za ta kashe magana ba ce.

Ireland ta shigo a 1801.

Ireland ɗaya ce ko biyu?

Tsibiri ɗaya, ƙasa biyu. Bayan yaƙin neman 'yanci, gundumomi 26 cikin 32 suka fice a 1922, su ne Jamhuriyar Ireland ta yau mai babban birni a Dublin. Tana cikin Tarayyar Turai, kuɗinta yuro, ba ruwanta da Sarki Charles. Shidan da suka rage su ne Ireland ta Arewa. Matafiyi ya kula: babu shinge tsakanin Belfast da Dublin, amma bizar Birtaniya ba ta ba ɗan Najeriya izinin shiga Jamhuriyar ba.

Akwai tsohon suna, Tsibiran Birtaniya, da ke haɗa tsibiran biyu da ƙananan da ke kewaye. Gwamnatin Dublin ba ta amfani da shi, kuma ba ta yi laifi ba. Wanda ya zubar da jini ya fita daga gida ba zai so a ci gaba da kiransa da sunan maigidan ba.

Ina Jersey da aka ji a maganar kuɗin Abacha?

Tsibiran Jersey da Guernsey da Man ba sa cikin UK. Na masarauta ne kai tsaye: Landan ke kula da tsaronsu da hulɗarsu ta waje, su kuma su yi dokokinsu da harajinsu. Don haka yarjejeniyar 2020 ta dawo da fiye da dala miliyan 300 da Jersey kanta aka ƙulla ta, tare da Amurka da Najeriya.

Me ya sa a ƙwallo kowace da ƙungiyarta?

Domin hukumomin ƙwallonsu sun girmi FIFA. Ingila da Scotland ne suka buga wasan ƙasa da ƙasa na farko a 1872, a Glasgow. A Olamfik kuma tawaga ɗaya ce, Team GB (wato Great Britain), sunan da ya manta da Ireland ta Arewa, ita kuwa 'yan wasanta na da zaɓin shiga tawagar Ireland.

In na haɗu da mutum, me zan kira shi?

Ɗan Birtaniya ya fi sauƙi, amma kada ka ce wa ɗan Scotland ko Wales ɗan Ingila. Alex Ferguson ya yi shekara 26 yana jagorantar Manchester United, bai zama ɗan Ingila ba, haka ma Gareth Bale ɗan Wales ne. A Belfast kuwa bari mutum ya faɗa da bakinsa. Yarjejeniyar sulhu ta 1998 ta ba kowa a can ikon zama ɗan Birtaniya, ko ɗan Ireland, ko duka biyun, kuma akwai masu fasfo biyu a aljihu.