Diraisut: rigar nutso da ruwa ba ya shiga

A ƙasar Ayislan akwai wani tsagin dutse cike da ruwa mai suna Silfra, a gandun Thingvellir, wurin da doron ƙasar Amurka ta Arewa da na Turai ke rabuwa da juna kaɗan-kaɗan duk shekara. Ruwan garau yake har mutum kan hango abin da ke nesa da shi da mita 100, amma sanyinsa tsakanin digiri 2 ne zuwa 4, rani da damina. Duk ƙwarewarka a nutso da tukunyar iska, ba za a bar ka ka shiga ba sai ka nuna takardar shaidar ka koyi amfani da diraisut, ko kuma shaidar ka yi nutso da ita sau 10 a cikin shekara biyu da suka wuce. Wanda bai sani ba zai ce riga ce fa, me za a koya a sa riga?

Kalmar daga Turanci aka aro ta, ma'anarta busasshiyar riga. Ƙawarta ita ce wetsut, wato jiƙaƙƙiyar riga, wadda aka fi gani a jikin masu nutso a tekuna masu ɗumi. Ita wetsut da wata roba mai soso ake yinta, ana ce mata niyofirin. Ruwa na shiga cikinta, ya kwanta tsakanin roba da fata, jiki ya ɗumama shi. A ruwa mai ɗumi wannan ya wadatar. Amma ruwa na zuƙe zafin jiki fiye da yadda iska ke yi ninki ashirin da wani abu, don haka da sanyi ya sauko wajen digiri 10, wetsut ta zama kamar mayafin gidan sauro a tsakiyar hunturu. A nan ake komawa ga diraisut.

Ita buhu ce guda daga wuya har ƙafa, da safa ko takalminta a haɗe. A wuya da wuyan hannu akwai bakin roba mai laushi da ke kama fata kam. Zif ɗinta na musamman ne, ruwa ba ya ratsa shi, kuma shi ne abu mafi tsada a jikinta. Sau da yawa a baya yake, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, sai abokin nutsonka ya ja maka. Tunanin ba sabo ba ne: tsofaffin masu nutso da ƙatuwar hular tagulla, irin kayan da Augustus Siebe ya ƙera a Landan a shekarun 1830, a bushe suke a cikin rigarsu. Wetsut ce ƙanwa, sai a farkon shekarun 1950 ta fito.

Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne rigar kanta ba ita ke ba da ɗumi ba, musamman mai sirarin yadi ninki uku. Ɗumin daga kayan ciki yake, da iskar da suke riƙewa. Shi ya sa ake sa kayan ulu ko na zaren roba masu kauri, kuma ake hana auduga, domin auduga ta sha gumi ta riƙe, sai ta koma tsumman sanyi a jikinka. Kenan mai diraisut yana yawo ne a cikin kumfar iska. Duk karatun a kan wannan kumfar yake.

A bakin ruwa nauyin iska ɗaya ne a kanka. Ka sauka mita 10, ya zama biyu, iskar da ke cikin rigar ta matse ta koma rabi. A mita 30 ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Tun a mita biyu ko uku za ka fara ji: rigar ta manne a ƙafa da cinya, inda ta naɗe ya fara tsunkulin fata, kamar an sa ka a leda an zuƙe iskar. Idan ka yi taurin kai ka ci gaba, za ka fito da shatin ja a jiki sai ka ce bulala aka yi maka, kuma a ƙasa hannu kan kasa miƙewa. Maganin yana kan ƙirji: wani maɓalli da aka haɗa da siririn tiyo daga tukunyar da ke bayanka. Ka danna kaɗan, fus, iska ta shiga, matsin ya saki. Kaɗan ɗin nan shi ne magana. Wanda ya ji daɗin ɗumin ya yi ta dannawa, ya sayi wata rigimar.

Domin idan ka fara tasowa, iskar nan kumbura take yi. Dole ta fita, kuma ƙofarta wani bawul ne a dantsen hagu kusa da kafaɗa. Iska sama take nema, saboda haka sai ka ɗaga kafaɗar ta zama ita ce ƙololuwar jikinka, sannan ka ji tana fita ɓul-ɓul. Duk wanda ya taɓa ganin masunta a Argungu sun kwanta kan gora ya san ƙarfin iskar da aka kulle: danna gora ƙarƙashin ruwa ka saki, ka ga yadda za ta yi tsalle. Bambancin shi ne a nan kai ne a cikin gorar.

Abin da malamai suka fi daɗewa a kansa ranar farko shi ne juyewa. Ka sunkuya kallon wani abu a ƙasa, ƙafafu suka ɗan fi kai tsayi, sai iskar duka ta gudu ta taru a takalma. Ƙafa ta yi sama, kai ya yi ƙasa, bawul ɗin kafaɗa ya koma can ƙasa inda ba abin da zai fitar. Kana tashi iskar na ƙara kumbura, tana ƙara kumbura kana ƙara sauri, wani lokaci har filafilan ƙafa su suɓuce. A wurin koyo mai zurfin mita uku abin dariya ne, ƙafafu biyu sun leƙo sama suna reto. A mita 20 ba dariya, domin tashi da gudu na iya ɓarka huhu ko ya sa iskar da ta narke a jini ta yi kumfa. Don haka da gangan malami zai kifa ka, ya cika maka iska a ƙafa, ya ja gefe yana kallo. Abin da ake so ka yi: ka buga ƙafa da ƙarfi zuwa ƙasa, ka dunƙule gwiwa a ƙirji, ka wuntsula gaba har ka dawo tsaye, nan take ka ɗaga kafaɗa ka zubar da iska. Ana kuma koya maka cire tiyon ƙirji da hannu mai safa idan maɓallin ya maƙale yana ta hura ka, da ja bakin robar wuya ko na hannu don iska ta fita in abin ya ƙazanta. Ruwan sanyi zai kwararo ciki, amma gara hakan.

Akwai saɓani tsakanin malamai kan ko da rigar za a riƙa daidaita tsayuwa a ruwa, ko da jakar iska ta baya, wadda mai nutso ke goyawa yana hura mata iska ko ya rage don kada ya nutse ko ya taso. A ganina sabon shiga ya sa wa rigar iskar da za ta hana tsunkuli kawai, sauran aikin ya bar wa jaka, tun da ƙaramar kumfa ta fi sauƙin kiwo.

Kwas ɗin ba dogo ba ne. A tsarin PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso tana ba da takardar shaida, zama ɗaya ne a ruwa mai iyaka, sai nutso biyu a buɗaɗɗen ruwa, kuma a Ingila da yawa a Stoney Cove suke yi, tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika. Za a ƙara maka dalma a ɗamara fiye da yadda ka saba, sannan kai da tafin hannu suna buƙatar hula da safarsu daban, don galibi su a jiƙe suke.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ba a rubuta su a talla. Bakin robar wuya in ya matse da yawa yana sa jiri, sai an rage shi da almakashi zobe ɗaya-ɗaya, kuma abin da aka yanke ya tafi kenan. Dogon farce da zobe kan yaga na hannu, shi ya sa ake barbaɗa masa hoda kafin a zura. Zif na son a goga masa kaki. Fitsari kuwa, mai wetsut ya san yadda yake yi ba ya faɗa wa kowa, amma mai diraisut ko ya rage shan shayi kafin shiga, ko famfas na manya, ko wani bawul da ake ɗinkawa a cinya. Kafin ka faɗa ruwa kuma, ka sa abokinka ya sake jan zif ɗin har ƙarshe kana ji, domin yatsa ɗaya da ya rage a buɗe ya isa ruwa mai digiri 4 ya gangaro ta gadon bayanka har cikin safa.