Waiwaye: Inda Lissafin Gauraye Ya Fara Kuɓuce wa Ɗalibai

Duk shekarar da sakamakon WAEC ya fito, sai gardama ta tashi a Jos, tun daga ɗakin malamai har majalisun Anguwar Rogo: wasu su ce waya ta ɓata yara, wasu su ce laifin koyarwa ne. Cikin tambayoyin da malamai ke kuka da su akwai na gauraye, musamman ruwan gishirin da ake tafasawa. Sai dai matsalar ta girmi waya nesa ba kusa ba.

An san Al-Khwarizmi ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajajen 820, da kalmomi zalla, Descartes, masanin Faransa, kuma ya yaɗa amfani da x a madadin adadin da ba a sani ba a 1637. Abin da ya faru tsakaninsu ne ake tsallakewa. A 1202 Fibonacci ɗan Italiya, wanda ya koyi lissafi a Bijaya ta Aljeriya, ya ware babi guda kan haɗa azurfa da jan ƙarfe don buga kuɗi. Daga baya littattafan lissafin 'yan kasuwar Turai suka mayar da irin wannan aiki ƙa'idar hadda, wadda yau ake zanawa kamar gicciye: adadin da ake nema a tsakiya, a ɗebe ta kusurwa, rabo ya fito. Ɗan kasuwa sauri yake yi, ta kuwa biya masa buƙata. Ƙa'idar ta yi ta yawo, dalilinta ya zauna a gida.

Ga inda take yaudarar wanda ya haddace. Kilo 40 na ruwan gishiri mai ƙarfin 6%, ana so ya kai 8%. Ruwa nawa zai tafi a tururi? Ɗalibi ya sa 8 a tsakiya, 6 da 0 (ruwa zalla) a gefe, alhali 8 ba ya tsakanin 0 da 6. Rabon 8 da 2 ke fitowa, amma gicciyen bai nuna masa cewa ruwan tafiya zai yi, ba ƙarawa za a yi ba.

Matan da ke dafa gishiri a Keana ta jihar Nasarawa sun san sirrin: ruwa ke tashi, gishiri na nan a tukunya. Gishirin kilo 2.4 ne, wato 0.06 × 40, kafin wuta da bayanta. Don haka idan x shi ne ruwan da ya tafi, 0.08(40 − x) = 2.4, sai 40 − x = 30, x = 10.

Ko a nan ana tuntuɓe. Wani ya rubuta 40 + x don ya saba da tambayoyin ƙara ruwa. Wani kuma ya tsaya a 30, wanda shi ne abin da ya rage a tukunya, alhali kilo 10 da ya tafi aka tambaya.