Waiwaye: akwatin tsara rubutu na intanet da haruffanmu masu ƙugiya

Duk wanda ya taɓa shigar da sanarwa a shafin makaranta ko na ƙungiya a Garwa ko Marwa ya san akwatin nan mai jerin maɓallai a samansa: na kaurara rubutu, na karkatar da shi, na liƙa hoto. Masu gina manhaja ba sa ƙera shi daga tushe. Shiryayye suke ɗaukowa, su daidaita shi sau ɗaya, su riƙa dasa shi a duk aikin da ya zo musu.

Asalinsa na komawa shekarar 2000, lokacin da Microsoft ta sanya wa burauzarta (manhajar buɗe shafukan intanet), Internet Explorer 5.5, damar da ake kira contentEditable, wadda ke bai wa mutum ikon yin rubutu kai tsaye a kan shafi. A kan wannan ne aka gina FCKeditor na Frederico Caldeira Knabben a 2003, wanda ya koma CKEditor a 2009, sai TinyMCE na kamfanin Moxiecode na Suwidin a 2004. WordPress, manhajar gina shafuka, ta rungumi TinyMCE a ƙarshen 2005, kuma ta nan ne galibin masu shafuka a yankinmu suka fara saninsa. Matsalar wancan zamani ita ce kowace burauza da irin HTML ɗin (harshen da ake tsara shafukan intanet da shi) da take fitarwa idan an danna maɓalli ɗaya. Shi ya sa na baya, irin su ProseMirror, Quill da Draft.js na Facebook da ya fito a 2016, suka daina dogaro da burauza, suka koma riƙe rubutun a tsarin kansu. CKEditor 5 ya bi sahu a 2018.

To, ina harsunanmu a wannan tafiya? Haruffa masu ƙugiya sun girmi intanet nesa ba kusa ba. Taron masana da UNESCO ta shirya a Bamako a 1966 ya duba daidaita rubutun Hausa da Fulatanci, Kamaru kuma ta fitar da haruffan bai-ɗaya na harsunanta a 1979. Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya ba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ nasu lambobin tun farkon shekarun 1990. Amma shafuka da yawa na nan an gina su ne a kan tsohon tsarin ajiye haruffa na Latin-1, wanda kusan ya ishi Faransanci amma bai san ƙ ba. Sai ka rubuta "ƙasa", rumbun bayanai ya dawo maka da alamar tambaya a gurbin harafin farko. Mutane suka gaji, suka koma rubuta "kasa", mai karatu ya yi ta lalube ko ƙasa ake nufi ko gazawa. Sauyawa zuwa UTF-8, tsarin da ke ɗaukar duk haruffan Unicode, ya magance wannan, muddin an yi shi tun daga shafi har rumbun.

A ganina, fassara maɓallan akwatin zuwa Hausa shi ne ƙaramin aikin. Fayil ne guda na kalmomi, malamin Hausa zai iya gama shi ba wahala. Wuyar tana wasu wurare. Kwamfutocinmu allon maɓallan Faransanci na AZERTY suke da shi, babu ɗ a jikinsa, sai an sa Keyman, manhajar ƙara haruffa a allon maɓallai, ko allon Kamaru na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, ko kuma mai daidaita akwatin ya ƙara maɓallan haruffan a jerin da ke sama. Wannan ƙarin riba biyu ne, domin ɓ, ɗ da ƴ na Fulatanci ne kamar yadda suke na Hausa. Sannan ga salon haruffa, wato font: idan bai ƙunshi masu ƙugiya ba, burauza ta aro daga wani, harafin ya fito daban a tsakiyar kalma. Salon Noto da na Charis SIL suna ɗauke da su.

Akwai kuma wani abin haushi da ba a cika lura da shi ba. Wasu akwatunan suna gyara alamar ɗauri (') da kansu, su ɗauki ta farkon 'ya'ya a matsayin buɗe zance, su juya ta. Daga nan bincike ya kasa gano kalmar. Najeriya 'y take rubutawa, Nijar ƴ, mu kuwa muna karanta duka biyun, don haka dole mai aiki ya zaɓi guda ya tsaya a kai. Ko a CLDR, ma'ajiyar da manhajoji ke ɗauko tsarin kwanan wata da lambobi, Hausar Najeriya, Nijar da Gana aka tanada, sai mu jingina da ɗaya.

Da zarar an tsallaka daga Kusiri zuwa Injamena, lissafin ya ƙaru, tunda Larabci harshen hukuma ne a Chadi tare da Faransanci. Takarda ɗaya na iya ɗaukar sakin layi mai tafiya daga dama da wani daga hagu, balle a ce ajami za a rubuta. Nan sai an kunna alamar dir, mai nuna ɓangaren da rubutu zai fara, a kan kowane sakin layi, ba a kan shafin gaba ɗaya ba. TinyMCE da CKEditor duk suna da hanyar yin haka, sai dai mai daidaitawa ne zai nemo ta ya kunna, ya kuma gwada a wayar Android, domin da ita yawancin masu shigar da rubutun ke aiki.